Fanel Nawa Kwantirolata Za Ta Ɗauka, Kuma Ta Wace Hanya Zan Haɗa Su?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da kwantirolar cajin sola irin MPPT, an rubuta 100V/40A a jikinta, da batir biyu na ruwa masu 12V 200Ah da na haɗa suka zama 24V. Na sayi fanel uku, kowanne wat 450. A bayansu an rubuta Voc 49.5V, Vmp 41.5V, Isc 11.6A, Imp 10.85A. Wani ya ce in jera su duka ukun a siris, wani kuma ya ce wat 1,350 ya fi ƙarfin na'urar, ƙonewa za ta yi. Ni kuma ina da niyyar ƙara na huɗu nan gaba, in haɗa su biyu-biyu. Don Allah wanne ne daidai?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka kwafo lambobin bayan fanel ɗin, domin a kansu maganar duka take. Abu uku kake tambaya a dunƙule: yadda za ka haɗa fanel ukun da ke hannunka, ko wat 1,350 zai cutar da na'urar, da kuma ko akwai gurbin na huɗu.

Kafin bayani ga amsar a taƙaice, don kada hannu ya riga lissafi. Kada ka jera ukun a siris, wato wayar wannan fanel mai alamar tarawa ta shiga ta na gaba mai alamar ragi, ko da gwaji ne na minti ɗaya. Kada ma ka jera biyu. Hanyar da ta rage maka da wannan kwantirolar ita ce faralel, wato dukkan wayoyi masu alamar tarawa su haɗu wuri ɗaya, masu alamar ragi su ma wuri ɗaya. Shi kuwa wat ɗin da aka tsoratar da kai da shi, shi ne mafi ƙarancin abin damuwa a cikin duk lamarin.

Me 100V/40A ke nufi?

Lambobin nan biyu ba gefe ɗaya suke magana a kai ba, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa. 100V na gefen fanel ne: iyakar bolt ɗin da na'urar za ta jure a bakin shigarta. 40A kuma na gefen batir ne: iyakar amfiyar da za ta iya turawa cikin batir. MPPT tana karɓar wuta mai bolt da yawa da amfiya kaɗan, ta sauke bolt ɗin zuwa matakin batir, amfiyar ta ƙaru gwargwadon haka. Shi ya sa za ka ga amfiya 25 na shigowa daga rufi, allon na'urar kuma yana nuna 35 na shiga batir, ba tare da wani abu ya lalace ba.

Iyakokin biyu ba hali ɗaya gare su ba. Wutar da fanel ke da ita kamar ruwan rijiya ce, kwantirola kuma mai guga: komai yawan ruwan, cikin gugan kawai za a ja, sauran ya zauna inda yake. Idan fanel za su iya ba da abin da ya wuce amfiya 40, MPPT ta gaskiya tana rage ja, ta tsaya a 40. Amma bolt ba a janyo shi, da kansa yake zuwa. Da zarar ka haɗa waya, duk bolt ɗin da ke kan layin ya sauka a kan kayan cikin na'urar, kuma ba ta da dabarar kare kanta daga gare shi.

Bolt, da abin da sanyi ke yi masa

A siris bolt ne ke taruwa, amfiya ta tsaya yadda take. Lambar da ake lissafi da ita a nan Voc ce, ba Vmp ba. Vmp shi ne bolt ɗin fanel yayin da ake jan wuta daga gare shi, Voc kuma lokacin da ba a jan komai. Kada ka ce ai kullum ana ja. Da safe kafin na'urar ta tashi ba ta ja. Da rana tsaka idan batir ya cika ta kusa daina ja, bolt ɗin kuma ya hau zuwa kusa da Voc. Kullum sai na'urarka ta gamu da wannan lambar.

Fanel uku a siris: 49.5 sau uku, 148.5V ke nan a kan na'urar da iyakarta 100V. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Biyu a siris ne ke yaudarar mutane, har da waɗanda suka daɗe a sana'ar. 49.5 sau biyu 99V ne, mutum ya duba ya ce ai bai kai 100 ba. Matsalar ita ce 49.5 ɗin nan ba tsayayyar lamba ba ce. An auna ta ne a ɗakin gwaji, da hasken wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, zafin fanel ɗin kansa kuma digiri 25. Fanel na silikon duk sa'ad da ya yi sanyi bolt ɗinsa hawa yake, idan ya yi zafi ya sauka. Takardar bayanan kowane fanel tana ɗauke da gwargwadon wannan sauyin, kuma ga irin naka yawanci yana tsakanin kashi 0.25 zuwa 0.30 cikin ɗari a kan kowane digiri. Mu ɗauki 0.27.

A digiri 20, an sauko da digiri biyar, bolt ya ƙaru da kashi 1.35. Fanel ɗaya ya zama kusan 50.2V, biyu 100.3V. Ka ga tun a nan an tsallake layi, alhali digiri 20 ba wani sanyi ba ne. A digiri 10, fanel ɗaya 51.5V, biyu 103V. A digiri sifili, biyun sun kai kusan 105.7V. Dokar aikin lantarki ta Amurka, NEC, a sashenta na 690.7, ta wajabta yin wannan lissafin da sanyi mafi tsanani da ake tsammani a wurin, har ta ba da jadawali: daga digiri 14 zuwa 10 a ninka Voc da 1.06, daga 4 zuwa sifili da 1.10, a wuraren da sanyi ke kai digiri 40 ƙasa da sifili kuma da 1.25. Ko ba a Amurka kake ba, jadawalin yana da amfani idan ba ka sami takardar fanel ɗinka ba.

Wasu za su ce maka da asuba, lokacin da sanyin ya fi, haske bai yi ƙarfi ba, don haka bolt ba zai kai haka ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma kaɗan ne. Amfiya ce ke bin ƙarfin haske sau da ƙafa. Bolt kuwa da ɗan haske ya kusa cika. Sannan akwai lokacin da ya fi asuba haɗari: an yi ruwan sama mai ƙarfi da rana, iska ta huce fanel, sai gajimare ya yaye rana ta fito tarwai a kan gilashi mai sanyi da aka wanke tas. A irin wannan lokacin na fi samun kira cewa na'ura ta mutu. Idan ka buɗe ta, warin ƙuna ne zai fara tarbarka, ka ga kafasita ta kumbura kanta ya tsage, ko ɗaya daga cikin ƙananan baƙaƙen makunnan da ke manne da ƙarfen sanyaya ya fashe. Mai ita kuma zai rantse maka wata da watanni tana aiki lafiya. Gaskiya yake faɗa. Tana aiki ne a bakin gaɓa, ranar da yanayi ya haɗu ta faɗa.

Abin bai tsaya kan kuɗin kwantirola ba. Idan makunnin ciki ya ƙone ya manne, bolt ɗin fanel yana iya wucewa kai tsaye zuwa batir, ya dafa shi, ya taɓa inbata da duk abin da ke kan layin. Kuma wasu na'urorin suna ajiye tarihin bolt mafi girma da ya taɓa shigarsu, kamfani na dubawa ya ƙi biyan garanti.

Su kansu masu ƙera na'urorin sun san da wannan. EPEVER, a jerin Tracer AN masu 100V, sun rubuta cewa 100V ɗin na lokacin sanyi mafi tsanani ne, a digiri 25 kuwa kada a wuce 92V. Victron a na'urorinsu masu 150V sun ce 150 ita ce iyakar ƙarshe a cikin sanyi, 145V kuma iyakar tashi da aiki. A nawa aikin, bayan na gama lissafin sanyi nakan bar rarar kashi biyar zuwa goma a ƙasa da iyakar, domin fanel ɗin kansa yana iya ɗara abin da aka rubuta masa da ɗan kaɗan.

Shin bolt ɗin faralel zai isa?

Iyaka ta ƙasa ma tana nan. MPPT ba ta cajin batir sai bolt ɗin fanel ya ɗara na batir. Na'urorin Victron, alal misali, suna buƙatar ratar 5V kafin su tashi, bayan sun tashi kuma 1V ta ishe su. Batirinka na 24V yana kai wa wajen 28.8V idan ya kusa cika. A nan zafi ne abin lura. Da rana tsaka fanel a kan rufi yana iya kai digiri 65, Vmp ɗinsa ya sauka da wajen kashi 14, daga 41.5 zuwa kusan 35.7V. Har yanzu akwai rata mai kyau a sama da 28.8, ko an cire abin da waya za ta ci. Don haka faralel zai yi maka aiki a 24V. Da batirinka 48V ne, da fanel ɗaya-ɗaya ba zai taɓa cajin sa ba, dole sai biyu a siris, dole kuma sai kwantirola mai 150V.

Maganar wat 1,350

Ƙarfin kwantirola a wat ya danganta da batirin da aka haɗa ta da shi. Amfiya 40 sau 26V wat 1,040 ne, sau 28.8V kuma wajen 1,150. Na'urar nan ɗaya a kan batir 12V rabin haka za ta bayar. To kai kana da 1,350 a rubuce, ya ɗara 1,040 ɗin da kusan kashi 30.

A rubuce na ce. Fanel mai zafin digiri 65 ya riga ya rasa wajen kashi 14 na ƙarfinsa, 1,350 ya koma kamar 1,160. Cire abin da ƙura ta tare, da na waya, da ɗan abin da na'urar ke ci wajen juyi, za ka tarar abin da ke isa batir a mafi yawan ranaku bai wuce abin da za ta iya ba. A ranakun sanyi masu haske za ta tsaya cak a 40A na awa ɗaya ko biyu, ka yi asarar ɗan kaɗan. Abin da za ka samu a madadinsa ya fi: caji zai fara ƙarfi tun da hantsi, ya jima da yamma, ranar hadari kuma ka sami kashi 30 fiye da wanda ya tsaya daidai wa daida. Ni ina ganin wannan ƙarin alheri ne, kuma da gangan nake yin sa. EPEVER sun yarda a ɗora har ninki ɗaya da rabi na ƙarfin na'urar, kai kuma ba ka kai nan ba.

Sharaɗi biyu ne. Na farko, na'urar za ta riƙa daɗewa tana aiki da dukkan ƙarfinta, za ta yi zafi, saboda haka a kafa ta a tsaye inda iska ke ratsawa, da sarari sama da ƙasa, ba cikin rufaffen akwati ba. Da yawa suna rage amfiya da kansu idan zafin ɗaki ya wuce digiri 40.

Na biyu ya fi muhimmanci: ka tabbata MPPT ce ta gaskiya. Akwai na'urorin da aka buga wa MPPT a goshi alhali PWM ce a ciki, wato kwantirola mai sauƙi wadda ba ta juya rarar bolt ta zama amfiya. Ta gaskiya tana da nauyi, domin akwai ƙaton naɗin waya a cikinta. Gwajin da ba ya ƙarya kuwa shi ne ka sa mita a bakin shigar fanel da hantsi, lokacin da batir bai cika ba. Idan batir na 26V, shigar kuma na nuna 36 ko 38, MPPT ce. Idan shigar na nuna 26 da ɗoriya kaɗan, PWM ce. PWM tana janyo fanel ƙasa zuwa bolt ɗin batir, fanel ɗinka mai wat 450 ya koma ba da wajen 300. Kuma galibinsu ba sa iya rage amfiya, don haka duk abin da na faɗa game da ƙarin wat bai shafe su ba. A PWM ana ninka jimillar Isc, wato amfiya mafi yawa da fanel ke bayarwa idan wayoyinsa biyu suka haɗu kai tsaye, da 1.25, a wurinka 43.5A ke nan, ya wuce 40.

Lamba ta uku da ba a rubutawa a goshin na'ura

A faralel amfiya ce ke taruwa. Isc 11.6 sau uku 34.8A ne. Kwantirola masu kyau suna da iyakar Isc da aka yarda a haɗa musu, kuma sai a littafinsu ake ganin ta. Victron 100/30 iyakarta 35A, 100/50 kuma 60A. Dalilin iyakar shi ne idan aka juya waya bisa kuskure, ko na'urar ta gajarce shigarta don kare batir, dukkan wannan amfiyar ta cikinta za ta bi. Buɗe littafin taka ka nemi wannan layin. Idan lambar ta kai 45A ko fiye, hankalinka kwance. Idan tsakanin 35 da 40 take, kana ciki amma a matse, domin hasken da ke dawowa daga gefen gajimare yakan ɗaga amfiya sama da Isc na ɗan lokaci. Idan ba ta kai 35 ba, fanel biyu kawai za ka ɗora mata. Duk lissafin nan a kan lambobin da ka aiko na yi shi, ban riƙe na'urarka a hannu ba. Inda littafinta ya saɓa da ni, littafin za ka bi.

Faralel yana da nasa tsadar, kuma a waya ake biyan ta. Kusan amfiya 32.5 za ta riƙa sauka daga rufi. Idan tazarar mita 10 ce, zuwa da dawowa mita 20, wayar tagulla mai kauri 6mm² za ta cinye kusan 1.9V, wato wat 60 da wani abu suna tafiya a ɗumama waya. Mai 10mm² za ta ci wajen 1.1V, mai 16mm² kuma 0.7V. Ni ba zan sa ƙasa da 10mm² ba a wannan tazarar, in ta fi haka nisa kuma 16. Ka kuma guji tara ukun da 'yan mahaɗan wayar fanel na roba masu reshe, waɗanda ake kira MC4, da yawansu 30A aka rubuta musu. Na sha tarar da su sun narke sun yi baƙi a ƙarƙashin fanel, robar ta manne da ƙarfen ciki har ba ta ɓalluwa sai an yanke. Kowane fanel ya zo da wayarsa zuwa akwatin haɗi, daga nan babbar waya ta ɗauka.

A cikin akwatin kowane fanel ya sami fis nasa. Da layi biyu ba dole ba ne, amma daga uku ya zama dole: idan ɗaya ya sami matsala a ciki, sauran biyun za su tura masa 23.2A ta baya, kuma irin wannan fanel yawanci 20A aka rubuta masa a matsayin fis mafi girma. Isc sau 1.56 ya ba da 18.1, don haka fis 20A ne, na DC, wato irin wutar fanel da batir, wanda aka yi don sola, bayan ka tabbatar da lambar a bayan fanel. Bireka ma ta DC za ka sa tsakanin akwatin da kwantirola. Ta AC, wato ta wutar gida, ba ta iya kashe tartsatsin DC yadda ya kamata.

Batirin fa?

Ba ka tambaya ba, amma ba zan wuce shi ba. Batir biyu a siris bolt ɗinsu ne ya ninka, ƙarfinsu yana nan 200Ah. Amfiya 40 kashi 20 ke nan na ƙarfinsa, kuma wannan shi ne saman abin da ake yarje wa batirin ruwa. Masu ƙera shi da yawa sun fi son kashi 10 zuwa 15. Idan da rana inbata na aiki, firji da fanka suna ɗebe wani kaso, abin da ke shiga batir zai ragu, babu damuwa. Idan kuwa gidan shiru yake da rana, ka rage iyakar caji zuwa wajen 30A in na'urar na ba da dama, ka kuma riƙa duba ruwan batir a kai a kai.

Fanel na huɗu

A wannan kwantirolar babu gurbinsa. Biyu-biyu zai mai da kai 99V ɗin da muka gama magana a kai. Huɗu a faralel kuma 46.4A ne da wat 1,800, ya wuce ninki ɗaya da rabi, kuma yawancin ƙarin zubar da shi za a yi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka saya wa na huɗun ƙaramar MPPT tasa, mai 75V ko 100V da amfiya 20, ka haɗa ta da batir ɗaya da babbar. Kwantirola biyu a kan batir ɗaya ba sa faɗa, muddin ka saita musu bolt ɗin caji iri ɗaya, kuma kowacce da nata fanel. Ba a raba fanel ɗaya tsakanin biyu. Hanya ta biyu ita ce canji zuwa mai 150V da amfiya 60 ko 70, ka yi biyu-biyu: bolt wajen 106 a sanyi, amfiyar waya ta sauko zuwa kusan 22, asarar waya ta ragu sosai. Amma ko a 150V ɗin kada ka jera uku, domin 148.5V a digiri 10 ya zama 154.5. Ta kowace hanya ka bi, amfiya 60 ta fi ƙarfin batir 200Ah, sai ka ƙara batir tare da fanel ɗin. Idan kuma har za ka ƙara batir biyu, ka yi tunanin komawa 48V gaba ɗaya: wat 1,800 ɗin nan amfiya 32 kacal zai zama, sai dai inbata ma dole ta canza. In za ka sayi na huɗun, nemi irin na farkon sak, ko wanda Vmp ɗinsa ya yi kusa da nasu in faralel ne, Imp kuma, wato amfiyar da yake bayarwa yana aiki, in siris ne.

Ranar haɗawa, batir ake fara sa wa kwantirola, ta tashi ta gane 24V ne, sannan fanel. Wajen cirewa fanel ke fara fita. Kafin ka ɗaga birekar fanel, sa mita a kan wayoyin biyu da suka sauko daga rufi: ya kamata ka ga tsakanin 44 da 50V, ba tare da alamar ragi a gaban lambar ba. Idan ka ga 90 da wani abu, akwai siris a wani wuri a sama, sai ka koma rufin ka gyara kafin wayar ta taɓa na'urar.